Giyar dawa mai haske a gida: me zan fara saya da naira dubu 40?

Ɗan Bukuru ya rubuta:

Sannunku jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai buƙata ta kawo ni.

A Bukuru nake zaune, kusa da Jos, sana'ata gyaran fanka da firji. Kakata ta wajen uwa ta yi shekaru tana dafa burukutu a ƙauyenmu, da shi ta biya wa uwata da ƙannenta kuɗin makaranta. Ina yaro ni ne mai korar kaji idan an shanya tsiro a kan dutse, ni ne kuma mai kai wa aladu dusa bayan an tace. Ta rasu ban koyi aikin ba, domin a lokacin ana cewa aikin mata ne, namu kawai ɗauko itace. Har yau idan na wuce inda ake dafawa na ji ƙamshin nan mai zaƙi-zaƙi, ita nake tunawa.

Abin da nake so yanzu ba burukutu mai kauri da tsami ba ne. Ina so in yi giya mai haske irin ta kwalba, amma daga ƙwayar hatsi tun farko, da hannuna, lita 10 kacal, don ni da abokaina biyu mu sha lokacin Kirsimeti. Ba sayarwa zan yi ba.

Na gwada sau ɗaya a watan jiya, abin ya lalace. Na jiƙa jar dawa mudu biyu, ta tsira da kyau, na shanya, na kai inji aka niƙa mini ita lukui kamar garin tuwo. Na tafasa ruwa na sheƙa a kan garin gaba ɗaya. Sai ya zama kamar talge, ya ƙi tacuwa, na ɗanɗana babu zaƙi ko kaɗan. Duk da haka na ƙara ruwa, na zuba yis ɗin burodi, na rufe bokiti da faranti. Kwana biyu ya yi tsamin da ba ya shawuwa, na zubar. Abin ya dame ni sosai, domin dawa ba ta da arha yanzu, kuma ban san a ina na kuskure ba.

Da na duba intanet, sai na ga Turawa da tukwane uku na ƙarfe marar tsatsa, da injin ɓarza, da naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe na sanyaya ruwa. Kuɗinsu ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Abin da nake da shi: tukunyar dalma ta matata mai cin kamar lita 20, tukunyar gas ƙarama, bokitai biyu, da naira dubu 40 da na ware.

Don Allah me ya kamata in fara saya, me kuma zan iya haƙura da shi? Dawa za ta iya maye gurbin sha'ir ɗin da suke amfani da shi? Ɗacin nan na giyar kwalba da me zan samo shi? Sannan matata tana tsoro, ta ce giyar gida tana makantar da mutum. Gaskiya ne?

Maman Ladi ta amsa:

Ɗana, Allah ya jiƙan kakarka. Na yi wannan aiki shekara da shekaru a Kafanchan kafin gwiwa ta hana ni, 'yata ce ke rubuta mini wannan.

Kai ne ka kashe tsironka da ruwan zafi. Ƙarfin tsiro yana cikin ruwansa, kuma ba ya son wuta. Mu abin da muke yi, a dama garin da ruwa mai ɗumi ko ma mai sanyi, a bar shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama sai a tsiyaye shi a wata tukunya a ajiye gefe, ba ya ganin wuta. Kaurin da ya kwanta a ƙasa shi ake ɗorawa a murhu ana juyawa har ya nuna. In ya sha iska sai a mayar masa da ruwan nan da aka ajiye. Nan take za ka ga abin da ya yi kauri ya saki, ya tsinke, zaƙi ya fito. In ba ka ga ya tsinke ba, ko dai ka zuba da zafi, ko tsiron bai yi ba.

Batun tsiro kuwa, tun daga kasuwa ake fara shi. Kada ka sayi tsohuwar dawa da ƙwari suka huda, kada kuma ka kuskura ka taɓa irin shuka da aka shafa wa magani, wanda za ka gan shi da launin ja ko shuɗi a jiki, guba ne. Ka nemi ta bana a hannun manomi. Ka wanke, duk wadda ta taso saman ruwa ka kwashe ka ba kaji. Ka jiƙa kwana ɗaya, a tsakani ka zubar da ruwan ka bar ta ta sha iska kaɗan, ka sake sabon ruwa. Sai ka baza a kan buhu mai tsabta a ɗaki mai inuwa, kada kaurin ya wuce tsawon yatsa, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Safe da yamma ka yayyafa ruwa ka juya da hannu, domin in ba a juya ba tana ɗaukar zafi ta yi fumfuna. Kwana huɗu zuwa biyar ta isa. Ka shanya a rana har in ka ciza ƙwaya ta ce ƙaras.

Sai abin da yara ba sa so saboda wahala: murza. Ka murje ta tsakanin tafin hannu har saiwar da kan tsiron su karkaɗe, ka sheƙe da faifai. Uwata ba ta yarda a niƙa ba a murje ba, tana cewa shi ke kawo ciwon kai da ɗaci marar daɗi.

Tsamin burukutu da gangan muke sa shi, ta hanyar barin ruwan ya kwana kafin dahuwa ta biyu. Tunda kai ba ka son tsami, kada ka bar shi ya kwana. A ranar da ka dama, a ranar za ka tace ka tafasa.

Baba Mai Fansho ya amsa:

Yaro, abin da Maman Ladi ta faɗa maka, shi ne muka sha wahala kafin mu gane a masana'anta. Na yi aiki a ɗakin dahuwa na wani kamfanin giya. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, dole kamfanoni suka koma kan dawa da masara. Injinanmu an ƙera su ne don sha'ir, sai ga matatun suna toshewa, aikin awa biyu yana cin yini. Saboda haka amsar tambayarka ita ce e, dawa tana yi, miliyoyin kwalabe an yi da ita a ƙasar nan. Amma ba a bi da ita yadda ake bi da sha'ir.

Ga dalili. Idan ƙwaya ta tsira tana samar da sinadaran da ke narkar da sitaci su mai da shi sukari. Waɗannan sinadarai sun fi aiki tsakanin digiri 62 zuwa 70, in zafi ya haura 78 sai su mutu. Sitacin sha'ir yana nuna a wajen digiri 60 da ɗan kai, don haka Bature yana zuba komai a tukunya ɗaya a digiri 66 ya yi tafiyarsa. Sitacin dawa kuwa ba ya nuna sai zafi ya haura 70. Ka ga ke nan zafin da zai dafa sitacin shi ne zai raunana sinadarin. Matan ƙauye sun warware wannan tun kafin a haife mu, ta hanyar raba ruwan da kaurin. Masu giyar dawa da ake kira pito a arewacin Ghana da masu wadda ake kira dolo a Burkina Faso duk haka suke yi.

Ga awo don lita 10. Tsiro busasshe kilo 2 da rabi zuwa 3. Ka ce wa mai inji ɓarza kake so, kamar tsakin masara mai laushi, ba gari ba, kuma ya fara wanke injin in ya niƙa barkono. Ka dama da ruwa lita 9 mai ɗumin digiri 45 zuwa 50, kana juyawa rabin awa, ka bar shi ya kwanta wani rabin awa ko fiye. Ka tsiyaye kamar rabin ruwan. Ragowar ka ƙara masa ruwa lita 3, ka dafa minti 20 kana juyawa kada ya kama. Ka sauke, ya huce zuwa wajen 75, ka mayar da ruwan farko a hankali har ma'auni ya tsaya tsakanin 63 da 65. Ka rufe, ka naɗe tukunyar da bargo, awa ɗaya da rabi.

Ka sayi ƙaramar kwalbar aidin a kemis. Ka ɗebi cokali ɗaya na ruwan a farin faranti ka ɗiga. In ya koma baƙi-shuɗi da sauran sitaci, ka ƙara masa lokaci. In launin bai sauya ba, ka gama. Abin da ka ɗiga wa aidin zubarwa ake yi, ba ya komawa tukunya.

Dawa ba ta da ɓawon da zai taimaka wajen tacewa irin na sha'ir. Ka samo ɓuntun shinkafa cikin hannu biyu, ka wanke shi sosai da ruwan zafi, ka zuba a ciki. Don giya mai haske farafara ta fi jar dawa, ɗanɗanonta bai kai na ja bauri ba. Kafin ka sayi mai yawa, ƙirga ƙwaya 100 ka sa a jiƙaƙƙen tsumma kwana uku. In waɗanda suka tsira ba su kai 90 ba, nemi wata.

Murzar da Maman Ladi ta ce, kada ka yi wasa da ita. Saiwa da kan tsiron dawa suna ɗauke da wani sinadari da ke sakin gubar sayanayid, irin wadda ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci, shi ya sa sabon tohon dawa ke kashe shanu. Murzawa, shanyawa da tafasa ta awa guda tukunya a buɗe suna kawar da ita.

Ka gaya wa matarka tsoronta yana da tushe, amma ba nan yake ba. Abin da ke makantarwa shi ne metanol, wanda ake samu a barasar da aka turara ko aka gauraya da sinadarin masana'anta. Shi ya kashe mutane da dama da suka sha ogogoro a jihohin Ondo da Ribas a 2015. Giyar hatsi da yis ya tayar kawai ba ta tara shi har ya yi lahani. Haɗarinka na gaske biyu ne: hatsi mai fumfuna, wanda gubarsa ke taɓa hanta kuma tafasa ba ta kashe ta, da kwalba mai fashewa.

Yakubu na Jamus ya amsa:

Ƙanena, ni ɗan Pankshin ne, ina zaune a Jamus, shekara shida ke nan ina dafawa a kicin ɗina. Tukwane ukun nan da ka gani ban mallake su ba har yau. Tukunya ɗaya nake amfani da ita da jakar yadi, hanyar da masu yi a gida a Ostireliya suka yaɗa. Ka je kasuwar Terminus ka sayi yadi ɗaya da rabi na farin labulen nan marar nauyi mai ƙananan huji, tela ya ɗinka maka jaka da za ta shige tukunyarka, ɗinki biyu don kada ta yage. Bayan awa ɗaya da rabi ɗin da Baba ya ce, ka juye komai cikin jakar, ka rataye ta ta tsane, ka ɗauraye da ruwan zafi lita 3 zuwa 4, sannan ka tafasa ruwan da ka tace awa guda. Tukunyar dalma ta matarka ta wadatar.

In ni ne da dubu 40 ɗinka, abu na farko ma'aunin zafi na kicin mai tsinke, na batir. Shi ne abin da ba shi da madadi, kai ma ka ga abin da rashinsa ya jawo maka. Na biyu yis na giya. Na burodi yana tayarwa, danginsu ɗaya, sai dai ba ya kwantawa da kyau kuma yana barin warin ƙullu. Sacet ɗaya na gram 11 ya ishi lita 20. Irin su SafAle US-05 suna son sanyin digiri 18 zuwa 22, wanda a Jos lokacin hunturu za ka samu a cikin ɗaki ba tare da firji ba. Ka yi sa'ar gari. Wanda ke wuri mai zafi ya nemi kveik, yis ɗin manoman Norway, yana aiki lafiya har digiri 35 zuwa 40, kuma ana iya shanya shi a ajiye.

Na uku sabuwar jarka ko bokiti mai murfi na abinci. Kada ka yi amfani da wadda ta taɓa ɗaukar manja ko man gyaɗa, maiƙo yana kashe kumfa, balle ta fetur. Ka huda murfin, ka sa siririn tiyo, ka toshe gefen, ɗaya bakin ka tsoma a gorar ruwa. Iska za ta fita, ƙuda da ƙura ba za su shiga ba. Farantin da ka rufe bokiti da shi na daga cikin abin da ya kawo maka tsami.

Bayan tafasa, duk abin da zai taɓa ruwan nan sai an kashe masa ƙwayoyin cuta. Babban cokali biyu na bilic a ruwa lita 5, minti 20, ka ɗauraye da tafasasshen ruwa har warin ya tafi. Banda tukunyar dalma, bilic yana cin ta, ita wuta ta riga ta tsabtace ta. Ka sanyaya da sauri: tukunya a rufe cikin baho, kana sauya ruwa, in da ƙanƙara ka zuba. Sai ya sauko ƙasa da 25 za ka zuba yis.

Ɗaci daga furen hop yake, ba a noma shi a wajenmu, amma kaɗan ake buƙata. Gram 10 zuwa 15 a farkon tafasa ya ishi lita 10, don haka fakitin gram 100 zai yi maka dahuwa da yawa in ka ajiye shi a firiza. In bai samu ba, masu bincike a Najeriya sun gwada shuwaka da namijin goro da utazi, wani ganye mai ɗaci na kudu, a madadinsa. Na gwada shuwaka busasshiya sau ɗaya, ɗacinta yana daɗewa a maƙogwaro, don haka ka dafa ta daban ka riƙa ɗigawa kana ɗanɗanawa. Ka sani ba ta kare giya daga tsami kamar hop, sai a sha da wuri.

Ka bar shi sati biyu cur ko da kumfa ya tsaya. Kwalba kuwa, ka fara da gorar lemo ta roba. Sukari gram 3 a gorar rabin lita, kada ka ƙara. In gorar ta yi tauri kamar tayar keke, ta yi. Ta gilashi ba ta yi maka gargaɗi kafin ta fashe. Ma'aunin sukari na gilashi yana da amfani, in ka fara a 1.045 ka ƙare a 1.010 kana da kusan kashi 4 da rabi cikin ɗari, amma zai iya jira sai dahuwa ta uku.

Hajiya Mai Kunu ta amsa:

Assalamu alaikum. Ni Musulma ce, giya haramun ce a addinina, ba zan sa baki a yadda ake tayar da ita ba. Abin da ya tsayar da ni maganar tsiro ce, domin da shi nake kunun zaƙi a Bauchi. Mu ma haka muke yi: a raba gasara biyu, a dama kashi mafi yawa da tafasasshen ruwa, sai ya huce a zuba ɗanyen da aka niƙa da tsiro ko dankali. Shi ke tsinka shi ya ba shi zaƙi ba da sukari mai yawa ba. Ban taɓa sanin dalilin ba sai yau da Baba ya yi bayani, na gode.

Ga 'yan'uwana da za su karanta su so yin ruwan tsiron don yara: ana tafasawa a tace a sha a ranar, ko a sa a firji. In ya kwana biyu a waje a rufe yana fara canzawa da kansa ko ba a sa masa komai ba.

Kai kuma ɗana, ka san dokar wuri. Abin da aka bar ku da shi a Filato, a Kano ko Zamfara ko nan Bauchi laifi ne a ƙarƙashin dokar Shari'a. Kada ka ɗauko gora ka ce za ka kai wa aboki.

Ɗan Bukuru ya sake rubutawa:

Iyayena da yayyena, na dawo bayan sati biyar. Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, na ji gargaɗinki, ba za ta bar gidana ba.

Na sayi ma'aunin zafi, yadin labule, sabon bokiti mai murfi, tiyo da aidin. Yis da hop wani abokin aikina ya taho mini da su daga Legas, su suka cinye fiye da rabin kuɗin. Farafara na samo wajen wani manomi ta hanyar surukina, cikin ƙwaya 100 guda 94 suka tsira. Murza ta ɗauke ni da matata yamma guda, tafin hannuna har ya yi ja.

Mama, lokacin da na mayar da ruwan da na ajiye a kan kaurin, ina riƙe da muciya na ji ta saki a hannuna. Cikin minti biyar abin da nake juyawa da ƙyar ya koma ruwa. Na ɗanɗana bayan rabin awa, zaƙi kamar an zuba zuma, kuma ƙamshin da ya cika kicin ɗin shi ne na tsakar gidan kakata. Na kira uwata a waya na gaya mata, ta yi shiru, sannan ta ce haka tsohuwar take yi, tana ajiye ruwan a wata baƙar tukunya a bayan rumbu, ba ta barin kowa ya taɓa.

Matsala biyu na samu. Aidin bai daina baƙi ba sai da na kai awa biyu, ina jin zafin ya sauka ƙasa da 60 domin bargon siriri ne kuma da dare na yi. Sannan tacewa ta ci kusan awa ɗaya duk da ɓuntun, na ƙare da lita 8 maimakon 10. Jiya na buɗe gora ta farko bayan kwana goma. Ta yi kumfa, launinta kamar ruwan zuma, babu tsami, sai dai ba ta yi haske sosai ba, kuma tana da ɗan sauƙi a baki, kamar an ƙara mata ruwa.

Baba, wannan sauƙin daga dawar yake ko daga zafin da ya sauka? Yaya Yakubu, farin yis ɗin da ya kwanta a gindin bokiti na zuba shi a kwalbar da na tafasa, yana firji, amma wutarmu tana yin kwana biyu ba ta zo ba. Zai kai sati uku, ko in sake jiƙa dawa tun gobe?